Dokin ƙarfe a kan tuddan Adar

A wannan mako filin namu zai ɗan ajiye zancen siyasa da na tsadar hatsi, ya juya ga wani abin hawa wanda babu wanda bai san shi ba. Da yawa daga cikin manyan ma'aikatanmu a kansa suka yi zirga-zirgar lakkwal, da yawa daga cikin alhazan kasuwa a bayansa suka ɗaura hajar da ta zama jarinsu na farko, amma yau in aka ga magidanci mai mutunci a bisansa sai a shiga raɗa ana tambayar ko karayar arziki ce ta same shi. Keke nake nufi, wanda magabata suka yi wa kirari da dokin ƙarfe.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, tsakanin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela Allah ya shimfiɗa ƙasa mai tuddai da kwaruruka, irin wadda a wasu ƙasashe ake renon gwanayen tseren keke a kanta, mu kuwa muna gina hanyoyinta, muna kuma tuƙi a kansu, tamkar ba a taɓa halittar mai keke ba. Hanyoyin suna nan, masu hawan suna nan, ƙarfin ƙafa yana nan. Abin da ya rage shi ne a ba mai keke rabonsa na hanya da rabonsa na daraja, kuma wannan aiki ne da ya rataya a wuyan irin mutanen da ke karanta wannan shafi.

Yadda ƙasar take

Wanda ya saba ratsa yankin a cikin motar safa yana gyangyaɗi zai rantse cewa ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Ƙafar mai keke ba za ta yarda da wannan rantsuwa ba. Birnin Ƙonni, wanda ke kimanin kilomita 420 gabas da Yamai, yana zaune ne a ƙasa-ƙasa, bai kai mita 300 bisa teku ba, alhali kuwa can arewa maso gabas, wajen Keita da Buza, tuddan Adar sun haura mita 600. Tsakanin waɗannan biyu ƙasar tana tashi ne mataki-mataki: fako mai jan dutse a sama, shimfiɗe kamar faifai, sa'an nan gangare, sa'an nan fadama mai baƙar ƙasa inda ruwa ya yanka ya wuce. Babbar fadamar kudu ita ce Magiya, wadda ke gangarowa daga wajen Buza ta bi ta ƙasar Dogerawa da Tsarnawa, ta wuce Ƙonni, ta ƙare a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Ta arewa kuma akwai fadamar Badagishiri.

Ma'anar wannan ga mai keke ita ce, babu dutse mai tsawon da zai shafe sa'a guda yana hawa, irin na Faransa ko na Habasha, amma kuma babu hutu. Za ka hau, ka miƙe a kan fako iska tana dukanka, ka gangara, ka sake hawa. Masu horar da ƴan tsere sun san cewa irin wannan ƙasa tana gina ƙirji da cinya ƙwarai, domin ba ta barin mutum ya zauna a kan tafiya iri ɗaya. Sai kuma iska, wadda ita ce tudun da ba a gani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busowa daga arewa maso gabas, da damina kuwa iskar tana juyawa ta fito daga kudu maso yamma. Saboda haka wanda ya tashi daga Ƙonni da ɗari ya nufi gabas ko arewa, zai sha wahalar tafiya, ya ci ribar dawowa, kuma haka mai hankali yake so, domin gara a gamu da wuya tun da sauran ƙarfi.

Hanya ta farko: gewayen Ƙonni

Wadda ta dace da mai koyo, ko ma'aikacin da kujerar ofis ta ajiye masa tumbi, ita ce ta kusa da gida. Ƴan kilomitoci kaɗan yamma da gari akwai Masalata, ƙauyen da ya shahara da al'adun azna da bikin arwa, inda ake duban abin da shekara za ta zo da shi. Daga gefen gari kuma akwai filin noman rani na Ƙonni, wanda aka gina tun daga tsakiyar shekarun 1970, ya haura hekta 2,000, yana shan ruwan madatsun Mozage da Zango da aka yi a kan Magiya. Hanyoyin da ke bin magudanan ruwan ba su da hawa, manyan motoci ba su bin su, kuma da sanyin safiya mutum zai yi sa'a guda yana tafiya tsakanin albasa da kabeji da masara. Wanda yake son tarihi kuma ya tuna cewa garin da yake gewayawa shi ne wanda sojojin Faransa ƙarƙashin Bule da Shanuwan suka ƙone a watan Mayu na 1899, suka karkashe mutanensa, kuma ya sake tashi.

Hanya ta biyu: Ƙonni zuwa Galmi

Wannan tana bin hanya mai lamba 1, wadda ta ɗinke ƙasar daga Yamai har Gigimi. Daga Ƙonni zuwa Tsarnawa kimanin kilomita 15 ne, kuma nan ne hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa. Mai keke ya riƙe gabas, ya yi kimanin kilomita 20 ya isa Malbaza, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan da aka cire ta daga Ƙonni. Tun daga nesa zai hango masana'antar siminti, domin tun 1966 ake sarrafa farin dutsen wurin. Daga nan sai Dogerawa, sai Galmi, kimanin kilomita 50 daga inda aka tashi. Galmi ba ta bukatar gabatarwa: ita ce ta ba jar albasarmu sunan da aka san ta da shi a kasuwannin Akara da Abijan da Kwatano, kuma a nan ne asibitin mishan yake tun 1950.

Zuwa da dawowa kilomita 100 ke nan, wato daidai tsawon zango guda na tsere. Matashi mai lafiya a kan keke mai giya, in yana yin kilomita 20 a sa'a, zai gama cikin sa'a biyar, ya tashi bayan sallar asuba ya dawo kafin azahar. Kyawun wannan hanya shi ne ba a rabuwa da mutane: kowane ɗan zango akwai gari, akwai mai shayi, akwai mai faci, akwai rijiya ko famfo. Aibinta kuma shi ne ita ce jijiyar ƙasa. Duk wani kamyo da ya ɗauko siminti, duk wata tirela da ta ɗauko albasa, duk wata safa da ta fito daga Maraɗi ko Damagaram, a nan suke bi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da albasa ta fito, mai keke yana tafiya ne da ransa a tafin hannu.

Hanya ta uku: Tsarnawa zuwa Illela

Wannan ita ce ta mazaje. Daga mararrabar Tsarnawa a ɗauki hanyar Tawa, a wuce Gidan Idar, a hau fako, a yi ta tafiya cikin ƙasa mai duwatsu da ƙananan itatuwa har a gangara fadamar Badagishiri, kimanin kilomita 85 daga Ƙonni. Daga Badagishiri a karkata yamma kimanin kilomita 15 a shiga Illela. Kada baƙo ya ruɗe: Illela biyu ce. Akwai ta Najeriya, wadda ke ƙetaren iyaka kudu da Ƙonni a kan hanyar Sakkwato, akwai kuma tamu ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, gidan da ya samo asali daga Agabba ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17. Wanda yake son ya san wannan labari sosai ya nemi aikin masanin tarihi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa.

A nan garuruwa sun fi nisa da juna, inuwa ta yi ƙaranci a kan fako, kuma wanda ya fita ba da isasshen ruwa ba zai gane kurensa. Amma a nan ne kuma ido yake ƙoshi. Mai tafiya a hankali zai ga abin da mai mota ba ya gani: jerin duwatsu da aka shimfiɗa a gonaki don tare ruwa, ramuka masu siffar rabin wata, da kuma tasa, wato ƙananan ramukan da ake haƙa a fako a zuba taki a shuka hatsi. Wannan tasa tana da labarin da ya shafi zancenmu. A 1989 wani shiri na raya karkara ya kai wasu manoman Illela ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda manoman can suka gyara wannan dabara, suka dawo suka gwada. Cikin ƴan shekaru fakon da ko akuya ba ta tsayawa a kansa ya zama gona, har aka shiga saye da sayar da shi. Ashe ke nan mutumin Adar ba ya girman kai wajen koyo daga maƙwabci in ya ga amfani. To, akwai wani darasi na biyu da Burkina take da shi, wanda har yau ba mu ɗauko ba.

Abin da wasu suka yi da keke

A Wagadugu mace da namiji, ɗan makaranta da ma'aikaci, kowa yana hawan keke ba tare da jin kunya ba, kuma a manyan titunan birnin an ware wa masu ƙafa biyu nasu layi dabam. Tun 1987 ƙasar take shirya tseren Tour du Faso, wanda ƴan tsere daga Afirka da Turai suke zuwa, jama'a suna fitowa gefen hanya ƙauye bayan ƙauye suna tafi. Ƙasarsu ba ta fi tamu tuddai ba, rana ba ta fi sauƙi a can ba, aljihun talakansu bai fi na namu nauyi ba.

In aka leƙa gabashin Afirka abin ya fi haka. Ruwanda, wadda ake wa laƙabi da ƙasar tuddai dubu, ta mai da wahalar ƙasarta jari. Da yawa daga cikin ƴan tserenta da haya suka fara, suna ɗaukar mutane da buhuna a bayan keke suna hawan tudu da su, har masu horarwa suka gane cewa wanda ya iya hawa da buhu zai yi gudu in aka sauke masa shi. A watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Iritiriya kuma, ƙasa ƙarama matalauciya, ta fitar da Biniyam Girmai, wanda a 2024 ya ci zango uku a Tour de France, tseren da aka fara tun 1903, ya kuma koma gida da koriyar riga. Ba wani sihiri a ciki. Yaran da suka tashi suna hawan tudu kullum ne, aka sami waɗanda suka lura da su.

To, mu tambayi kanmu: yaron da ke tasowa daga ƙauyen bayan Dogerawa da buhun albasa a kariya, ko wanda ke ɗauko jarkoki huɗu na ruwa ya hau gangaren Badagishiri da su a kan keken da ba shi da giya ko ɗaya, me ɗan Ruwanda ya fi shi? Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Yadda darajar keke ta faɗi

Dattawa suna tuna zamanin da keken Raleigh yake cikin kayan alfahari, ana yi masa ado da tuntaye da madubai, malamin makaranta da ɗan kasuwar ƙauye suna goge shi kamar yadda ake wanke doki. Cikin shekarun 1970 har masana'antarsa aka kafa a Kano, kuma ta iyakar Illela da yawa suka shigo mana. Daga baya Phoenix na Sin ya zo da sauƙin kuɗi. Abin da ya ture keke daga kan karagarsa abu biyu ne da suka haɗu: man fetur mai araha da ke ƙetarowa daga Najeriya ana sayar da shi a kwalabe bakin hanya, da kuma baburan Sin da na Indiya da suka cika kasuwa tun daga shekarun 2000. Ƙonni ta zama garin kabu-kabu, tafiyar da ba ta kai ta kiran salla ba sai an hau inji.

Amma araha ta aro ba ta ɗorewa. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, farashin kwalba ya yi tsalle. Bayan juyin mulkin Yuli na wannan shekara aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai Maris na 2024, kuma mutanen Ƙonni sun fi kowa sanin abin da watannin nan suka yi wa kasuwa. A Maris na 2025 kuma aka ga dogayen layuka a gidajen mai a faɗin ƙasa. A duk waɗannan lokuta akwai abin hawa guda da bai tsaya ba, bai shiga layi ba, bai tambayi canjin naira da sefa ba. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Ma'aikacin da zai zauna ya lissafa abin da yake zubawa a tankin babur kowane wata don tafiyar kilomita biyu ko uku zuwa ofis, ya kwatanta da kuɗin faci da man kaca, ba ya bukatar wa'azina. Likitoci kuma sun gaji da faɗa mana cewa hawan jini da ciwon suga suna bin mai yawan zama.

Inda rai yake a ciki

Sai dai ba zan ce wa kowa ya hau keke ya bi waɗannan hanyoyi ba tare da na faɗi gaskiyar haɗarinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a. Yadda abin yake faruwa a hanyoyinmu sananne ne. Kwalta ba ta da faɗi, gefenta ruwa ya cinye shi ya bar gaɓa mai kaifi, yashi ya taru a ƙasa. In kamyo biyu suka haɗu, mai keke ba shi da zaɓi sai ya faɗa yashi, in kuwa ya yi jinkiri iskar motar ta ja shi. A gangare kuma, babbar mota mai lodi ba ta tsayawa a inda direba yake so, keke mai lodi da mataccen birki shi ma haka. Da magariba abin ya fi muni, domin yawancin kekunanmu ba fitila, ba abin ƙyalli a baya, mai hawan kuma sanye da riga mai duhu.

Waɗanda ke biyan wannan farashi ba ƴan tsere ba ne. Ɗan sakandare ne da ke zuwa gari daga ƙauyensu kowace safiya, manomi ne da ke kai kayan lambu kasuwar Laraba ta Ƙonni, magidanci ne da ke kai wa mara lafiya abinci a asibitin Galmi. Yanzu da Badagishiri ita ma ta sami masana'antar siminti, hanyar Tawa ta bi sahun ta Malbaza wajen yawan manyan motoci. Arzikin ƙasa ne, muna murna da shi, amma bai kamata a ce buhun siminti ya fi ran yaro daraja ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce rana: gaskiya ne, a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma babu mai hankalin da zai yi doguwar tafiya da tsakar rana a bazara, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu muna da wata huɗu na sanyin safiya waɗanda Bature zai biya kuɗi ya samu. Za su ce tsaro: wannan ma gaskiya ne, ƴan bindiga sun addabi bakin iyaka a shekarun nan, kuma wanda zai fita ya tsaya kan babbar hanya, ya tafi cikin ayari, ya tambayi jandarmomi da masu gari halin da ake ciki, ya kuma kasance a gida kafin rana ta faɗi. Amma hanyar da jama'a suka ƙaurace wa ita ce ɓarawo yake so. Za su ce kuma ƙasar da ke fama da yunwa ina ita ina wasan keke? Amsata ita ce, gefen hanyar da za a gyara don ɗan tsere ya bi sau ɗaya a shekara, shi ne wanda talaka zai bi kwana 365.

Abin da ke hannun kowa

Ga hukumomin ayyuka da masu kula da asusun gyaran hanyoyi, waɗanda muke biya wa kuɗin fito a kowane shinge: duk lokacin da za a sake shimfiɗa kwalta tsakanin Ƙonni da Galmi ko tsakanin Tsarnawa da Badagishiri, a sa a cikin kwangila cewa za a yi gefe mai kwalta wanda keke da amalanke za su bi, musamman a mashigar garuruwa da wuraren hawa da gangara. Ƙarin kuɗin kaɗan ne in aka gwada da na hanyar gaba ɗaya, kuma gefen yana kare ita kanta kwaltar daga zaizayewa. A kafa alluna kusa da makarantu da kasuwanni. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da ƙungiyoyin direbobi su koya wa masu tuƙi tazarar da ake bari in za a wuce mai keke. A Faransa doka ta ce mita ɗaya cikin gari, mita ɗaya da rabi a bayan gari, kuma hannun ɗan Adam bai fi faɗi a can ba.

Ga ƴan kasuwa: ku ne masu motocin, ku ne kuma masu shigo da kayan. Alhajin da yake da kamyo biyar, in ya tara direbobinsa ya ce duk wanda ya ture mai keke ya bar masa aiki, ya fi allo goma tasiri. Mai shigo da kayan keke ya haɗa da fitila da abin ƙyalli da robar birki mai kyau, ya sayar da sauƙi, ba zai yi asara ba. Sa'an nan ku dubi kokowa. A Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, kuma abin da ya ɗaga ta har takobi ya zama abin da ƙasa duka take sauraro shi ne hukuma ta tsara, masu hali suka zuba kyauta. Da za a sami ƙungiyar masu albasa da masu siminti da masu sufuri su haɗa kai da hukumar wasan keke ta ƙasa, su shirya tseren kwana biyu cikin watan Disamba ko Janairu, ranar farko Ƙonni zuwa Galmi da dawowa, rana ta biyu Ƙonni zuwa Illela, da an ga abin mamaki. A yi rukuni biyu: na masu keken tsere, da na masu keken gida, wanda kowane yaro zai shiga da abin da yake da shi. A rukuni na biyun nan ne za a tsinci zinariya. Kyautar kuma ta kasance keke mai giya da hular kwano, ba buhun shinkafa da za a cinye cikin mako biyu ba.

Ga ma'aikata, musamman malaman makaranta da shugabannin ofisoshi: a tanadi wurin ajiye kekuna mai inuwa a makarantu, a koya wa yara bin hannunsu na dama da duba birki kafin gangara. Kada a manta da ƴan mata, domin yarinyar da ke da keke ba ta makara, kuma nisa yana cikin abubuwan da ke raba ƴaƴanmu mata da karatun sakandare. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Ko da yake ta faɗo a lokacin zafi, babu abin da zai hana furefe da muƙarrabansa su zo aiki a kan keke da safiyar wannan rana. In babba ya hau, kunya ta fita daga kan ƙarami.

Ga shi kansa mai keke: ya tashi da wuri, ya ɗauki ruwa fiye da yadda yake zaton zai sha, ya riƙe famfo da kayan faci domin ƙayar aduwa ba ta san mai gaggawa ba, ya sa tufa mai haske, ya sauka ya tura in lodi ya fi ƙarfin birkinsa a gangare. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Adar ta ba ƙasar nan albasa, ta ba ta siminti, ta ba ta ƴan kokowa da ƴan ci-rani waɗanda guminsu ya gina gidaje daga nan har bakin teku. Ƙafafun da suka yi wannan duka ba za su kasa tuƙa keke zuwa inda na wasu suka kai ba, in dai an bar masu hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa na kawo maganar gabanku. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani a kan waɗannan hanyoyi, musamman direbobi da masu faci da suka fi mu saninsu, ƙofar wannan fili a buɗe take. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.